Ruwa a Ƙofar Ɗakin Mama

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ta dawo daga koyarwa ne ta tarar da shi tsaye a tsakar gidansu, ruwa har ƙauri, yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

"Malam, gyara aka kira ka ko kamun kifi?"

"Tambayar ruwan nake, ranki ya daɗe. Shi ya san inda yake son zuwa."

Ya yagi 'yar takarda ya saki a kai. Takardar nan ko kallon bakin kwata ba ta yi ba, ta miƙe sai ƙofar ɗakin Mama. Auta ta saki baki. Damina uku suna kwasar ruwa da bokiti, ashe gangaren ne aka juya.

Ya ɗauko siririn tiyo cike da ruwa don auna tudu da kwari, ya miƙa mata baki ɗaya. "Riƙe a jikin bango, kar ki motsa."

Hannu dai ya ji magana. Zuciya kuwa sai a hankali.

Ba a jima ba mai gyaran ya fara zuwa zance wurinta, amma Baba ne matsalar. Wanda ya zuba simintin tsakar gidan ɗan amininsa ne, ɗan kwangila mai mota, kuma shi ma yana zuwa zance wurin Auta.

"Ka fasa min siminti, kuma ka ce kana son 'yata?" Baba ya ce wa mai gyaran. "To, fasa. In ruwa ya sake kwana a gidan nan, kada ƙafarka ta sake taka shi."

Kwana biyar yana haƙa. Ya shimfiɗa bututu mai huji-huji, ya rufe da tsakuwa.

Rana ta shida saƙonta ya shigo wayarsa: "Mai Tiyona, hadari ya haɗu. Gabana faɗuwa yake."

Ya mayar: "Kwantar da hankali, Fitilata. Sau uku na auna, kuma ke kika riƙe min."

Aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk gidan suna baranda, suna kallon tsakuwa na shanye shi. Da aka ɗauke, Baba ya sauko ya durƙusa ya shafa dokin ƙofar Mama. A bushe.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. Ya daɗe a durƙushe. "Auta, ce masa ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure, Mama ta haɗa hannuwansu tana share hawaye.

"Allah ya sanyaya muku gida, 'ya'yana."

"Amin, Mama," in ji ango. "Amma ban da tsakar gidan."