Gilashin da Gwaggo Ta Rufe

Motar katako ta sauke ni a mararrabar ƙauyenmu rana na shirin faɗawa teku, da ɗan kwali a hammata. Ƙanena ne ya aiko shi daga Brisbane, can ƙasar waje, na je Apia, babban birnin tsibirinmu, na karɓo. Memori ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, guda biyu da sabuwar fanka, abin da ya rage tsohuwar kwamfutata ta tashi da gudu.

Ni dai Allah ya jarabce ni da son tsofaffin kwamfutoci. Wannan a bayan wani ofis na tsince ta, an jefar, ƙadangaru har sun yi ƙwai a ciki. Na wanke, na goge, na cire murfin ƙarfen gefenta na sa baƙin gilashi don in riƙa kallon kayan cikin. Gilashin nan shi ya haɗa ni da Gwaggo Fualaau, yayar mahaifina.

Matata Sinalei tana da tsohon ciki, bayan ɓari biyu da suka kusa tafiya da ita. Gwaggo ce ungozomar ƙauye, hannunta ya karɓi rabin mutanen garin, har da ni. Tun da cikin ya fito ta kafa doka: yamma na yi, duk madubin gidan sai an rufe shi da zane, kada iskoki masu yawon magariba su leƙo su ga mai ciki. Da ta zo kan kwamfutata na ce mata wannan ba madubi ba ne, inji ne, iska yake sha.

“To ya sha da rana,” in ji ta. “Na ga fuskata a ciki, kai kana ce min ba madubi ba. Peni, da wane ido ka yi karatun naka?”

Na yi dariya na bar ta ta rufe. A raina kuwa cewa nake tsufa ne.

Ina cikin tafiya aka busa ƙahon katantanwar teku, lokacin addu'ar yamma ya shiga. Kowa ya san ƙa'ida: inda busar ta same ka nan za ka zauna har a gama. Samari masu fararen riguna sun jeru a bakin titi suna tsaro. Ni kuwa kwalin nan sai ƙaiƙayi yake min. Na saɓe ta bayan gonar ayaba, na bi ta gefen kabarin kakanmu ina sanɗa, ƙato da ni, malamin makaranta. Mutanen gida duk suna babbar rumfa sun fara waƙar yabo. Na shige ɗakin baya na turo ƙofa.

Zanen Gwaggo yana kan kwamfutar. Na yaye shi, na share ƙurar hannuna da shi, na cilla bayan ƙofa. Na zare wayar wuta daga bango, na buɗe ɗaya gefen, na danna memorin farko har ya ce ƙas. Na biyun ma haka. Na ɗaura fankar, na juyo da akwatin kwamfutar don in ga yadda ta zauna ta cikin gilashi.

Fankar tana juyawa.

Na dubi ƙasa. Ga kan wayar nan kusa da ƙafata, ba a jone ba.

A hankali take juyawa, kamar ana hura ta da baki. Sai ƙamshi ya cika ɗakin, man kwakwa da furen moso'oi, irin wanda mata ke shafawa in za su coci. Ya yi yawa har ya tsaya min a maƙogwaro. Ƙwarin da ke kuka a bayan taga suka yi tsit.

Sai na ji ƙarar matsefi a cikin gashi. Shaf. Shaf.

A cikin gilashin, bayan kafaɗata, wata mace tana zaune a kan tabarma ta ba ni baya. Gashinta jaja-jaja ne, ya zubo har ƙasa. Na so in ce Sinalei ce. Amma ga muryar Sinalei can a rumfa, ita ke jan waƙa.

Ban waiwaya ba. Wuyana ya ƙi.

Matsefin ya tsaya.

“Ina mai cikin?”

Raɗa ce, amma a cikin kunnena, da ɗumin numfashi.

A rumfa aka ce amin. Sai takun silifa a kan tsakuwa, mai nauyi, ana jan ƙafa ɗaya. Na san takun, na Sinalei ne.

“Peni? Kai ne a ciki? Ashe ka dawo.”

Kan matar cikin gilashin ya fara juyawa wajen ƙofa.

Taku uku ne tsakanina da zanen. Da na miƙe da na ɗauko. Ko baki na buɗe na ce kada ta shigo, da ya isa. Ban yi ko ɗaya ba. Na zame daga kujera na shige ƙarƙashin tebur, na rufe fuskata da hannu biyu. Matata da ɗan cikinta suna bakin ƙofa, ni ina ɓoye kaina.

Ƙofar ta fara motsi.

“Sina, je ki ɗora ruwan shayi.” Muryar Gwaggo ce, a sanyaye. “Yanzu. Kada ki waiwayo.”

Takun silifa ya yi nisa. Na ga ƙafafun Gwaggo sun shigo, babu takalmi. Ta nemi zane a kan akwatin ba ta gani ba. Sai ta kifa tafin hannunta na dama a kan gilashin, ta tare sauran da jikinta.

“Ba naki ba ne,” ta ce, kamar tana yi wa maƙwabciya magana. “Gidan nan da mutanensa. Koma.”

Fankar ta ɗauki gudu, tebur na rawa a kaina. Wani wari ya taso kamar gashi ya faɗa wuta.

“Peni. Zanen.”

Da rarrafe na je.

Muna rufewa fankar ta tsaya. Ƙwari suka ci gaba da kuka. Gwaggo ta ɗago hannunta, yatsun sun naɗe cikin tafin, sanyi ƙalau. Ta dube ni a durƙushe, ba ta zage ni ba. Cewa ta yi in tashi in wanke fuska kafin matata ta gan ni.

Washegari na mayar da murfin ƙarfen, gilashin kuma na kai bayan duwatsu na jefa a teku da zanensa. Hannun Gwaggo bai sake buɗewa ba. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa ta, ta gyaɗa kai ta karɓi ƙwayoyinsu. Sinalei ta haihu lafiya, mace, amma a hannun wata baƙuwar nas. Matan ƙauye yanzu sai sun hau mota in naƙuda ta zo.

Ni nake ɗaura wa Gwaggo zane, ni nake yanka mata gwaza a faranti. Ran Lahadi bayan coci, Sinalei ta tsaya cikin mata da jaririya a kafaɗa tana ba su labarin yadda nake hidima da tsohuwa. Ta ce irin mijinta sai an tona, ita kam ta san ko wuta ce ta tashi zai shiga ya fito da su.

Gwaggo tana zaune kusa da ni. Ta ce, “Haka ne.”