Garayar da Aka Kulle a Gilashi

Rana ta faɗi a ƙauyen da ke gefen ruwan Tiga, cikin ƙasar Bebeji. Balaraba na tuƙa tuwo, mijinta Inuwa na gyaran komar kamun kifi, 'yarsu Zulaihat tana kora awaki turke. Sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo baya. Inuwa ya leƙa waje, bai ga kowa ba.

Can daga cikin rumbu, sai amon garaya ya taso a hankali.

Inuwa ya san wannan kiɗan. Na mahaifinsa ne, marigayi Ɗayyabu, wanda ya yi suna da garaya tun kafin ruwan dam ya cinye tsohon garinsu. Amma garayar ba ta gidan. Da damina wata kwalejin koyon kiɗa a Kano ta roƙe ta, aka jera ta a ɗakin karatunsu tare da kalangai da algaitun tsofaffin makaɗan birni, kowanne cikin akwatin gilashi. Inuwa bai gaji kiɗa ba, ya bayar da zuciya ɗaya.

Daga ranar Zulaihat ta kasa fita. Duk sanda ta kai bakin zaure sai ta tsaya cak, tana tura iska da tafin hannu kamar akwai bango. Numfashinta ya riƙa sarƙewa. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Gidan ya yi tsit, ko awaki ba sa kuka, sai jifa da kiɗa duk almuru.

"Malam, yarinyar nan ƙarewa take yi," Balaraba ta ce wa mijinta, murya ƙasa-ƙasa. "Ka nemo mana taimako."

Aka ɗauko Malam Mujitaba, mai ruƙiyya daga Kiru. Bayan la'asar ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Sai jikinta ya sandare, ta ɗago kai, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Ka daina ƙona ni, malam."

"Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?"

"Tsamiyar tsohon gari ce gidana. Da ruwa ya zo, Ɗayyabu ya ba ni masauki cikin garayarsa. In ya kaɗa, na sha iska. Yanzu ɗansa ya sa an rufe ni. Mutane na kallona, ba mai taɓa ni. Da ƙyar nake miƙo hannu na kama jininsa, don su ji abin da nake ji."

Inuwa ya sunkuyar da kai, gumi na zuba.

"Zalunci kake yi," in ji Malam. "Ba ita ta rufe ka ba."

"To a bar mini ita, na zauna a jikinta."

"Ba za ka samu ba."

"To Inuwa ya karɓo garayar, ya riƙa kaɗa mini."

"Shi ma ba bawanka ba ne. Za a buɗe maka, ka tafi daji, ka rantse ba za ka dawo ba."

Sannan muryar ta ce, a gajiye, "Na rantse. A buɗe."

Inuwa ya kira Malama Salamatu a waya, mai kula da ɗakin karatun, wadda ta karɓi garayar a hannunsa. Tana shirin rufewa ke nan. Ya yi mata bayani, ya roƙe ta ta buɗe akwatin.

"Don Allah, Hajiya. Ran 'yata ne."

Suka ji takunta a waya, da ƙarar 'yan makullai, da kukan murfi. Sai tsirkiya ta yi amo sau ɗaya, ta tsinke.

Zulaihat ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta nemi ruwa. Balaraba ta riƙe ta, suka taka har zaure, suka wuce, suka tsaya a waje tana shaƙar iska tana kuka.

Inuwa ya mai da wayar kunne zai yi godiya. Ya ji Malama Salamatu tana salati, bayanta kuma wani sauti na tashi, ƙwas, ƙwas, daga ko'ina.

"Malam Inuwa," ta ce da raɗa, "kada malamin nan ya tafi. Sauran akwatunan ne. Duk sun fara ƙwanƙwasawa daga ciki."