Ranar da Basanti Ta Yaye Lulluɓi

Kwaɗayin girma mugun ciwo ne, ni kuwa na ga gidan da ya cinye. Hukam Singh, mai garinmu, yana da gona da rijiya da shanu, amma abu guda ya hana shi sakat: a ba shi kujera gaban Bature, ya daina zaman ƙasa irin namu. Aka ce kujera sai wanda ya kawo samari aikin soja. Ya bi gida-gida, mutane suka ce, "Naka ɗan gurgu ne? Fara da shi mana!"

Sai ya ba da Dalip, ɗansa tilo, wanda ko lallen amaryarsa Basanti bai goge ba.

Ta iske Dalip a bayan gidansu yana yanka wa ɓaunar da suke kiwo ciyawa.

"Da gaske ne?"

"Basanti, rabin raina..."

"Bar ni da daɗin baki! Da gaske ne?"

"Bapu ya riga ya yi alkawari, uba kuwa ba a saɓa masa."

"Yaƙin wa? Me mutanen can suka ci maka? Ko sunan garinsu ba ka iya faɗa! Tashi mu tafi wurin yayana, gonar rakensa ta isa ta ɓoye ka."

"In kunyata mahaifina a idon gari?"

"Ni kuma ka bar wa wa?"

Ya sunkuya ya ci gaba da yankan ciyawa.

A wurinmu matar ɗa ba ta buɗe fuska gaban uban miji har mutuwa. Ina zaune cikin dattawa a tsakar gidan Hukam sai ga ta, ta tsaya gabansa, ta yaye lulluɓi.

"Dube ni, Bapu-ji!"

"Rufe fuskarki, marar kunya!"

"Ba zan rufe ba... Gara ka san fuskar da kake shirin sa wa farin mayafin takaba. Kalma ɗaya za ka gaya wa Bature, ɗanka ya zauna!"

Duk muka sunkuyar da kai. Na ga ya tsaya yana dubanta, har na ce a raina zai sauko. Sai wani daga baya ya yi 'yar dariya.

"Na riga na faɗa," in ji Hukam. "Ku shigar da ita ciki."

Dalip ya tafi. Jirgin ruwa ya kai su gaɓar Afirka, wani hafsan Bature da bai san sunan ko ɗayansu ba ya ce su sauka, jiri na ɗibarsu, suka faɗa bakin bindiga. Wanda ya dawo mana da ƙafa ɗaya shi ya ba da labari.

Hukam ya rasa ɗa, ba shi da wani. Bai ga gawa ba, balle ya ƙona ta ya kai tokar kogi yadda muke yi. Matarsa ba ta sake ce masa uffan ba. Basanti ta koma gidansu da ciki, ta haifi namiji, ta rantse ba zai taka garinmu ba, bai kuwa taka ba. Ran da Hukam ya mutu, bare ne ya sa wa gawarsa wuta, aikin da a wurinmu ɗa ko jika ke yi.