Tsarabar Porto-Novo

"Baba, gaishe ku fa yake yi!"

Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce mini da ƙarfi haka ba. Mijina Nouhou yana tsugune a bakin shagon mahaifina, a tsakiyar Zongon Kwatano, ya tuɓe takalmi, rana na dukan ƙeyarsa. Baba kuwa, Alhaji Barau mai shinkafa, ya kafa wa sikelinsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

"Na ji," in ji shi. "Ai ni ba kamarad ba ne. Ya je ya gaida 'yan uwansa masu jan tauraro a tuta."

Wallahi sai da hawaye suka cika mini ido. Shekara biyu da aurenmu, Baba bai taɓa amsa gaisuwar mijina ba. Laifinsa kawai shi malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya yi karatu a jami'ar Calavi, kuma shi ne magatakardan kwamitin juyin juya hali na unguwarmu. A wurin Baba wannan ya isa a kira mutum ɗan gurguzu, ko da kuwa a sahun farko yake sallah. Shi Mansir ya so in aura, ɗan amininsa mai shago a tsallaken titi. Da na kafe, sai ya ce wa kawuna ya je ya ɗaura, shi ba ya ciki.

Ni kuwa ba ni da wani buri a duniya da ya wuce in ji Baba ya sa wa mijina albarka, ko da sau ɗaya ne.

"Mun zo sallama ne, Baba," na ce. "Gobe Asabar za mu je Porto-Novo, jibi mu dawo."

"Biki ko rasuwa?"

"Yawon buɗe ido..."

Baba ya yi tsaki.

Nouhou ya ɗago kai, ya ce mini a hankali, "Raïma, ba Alhaji makullin sito."

Na juyo na dube shi. Tun ina budurwa ni ke riƙe da makullin siton Baba, don ba shi da ɗa namiji, kuma ko bayan aure kullum ina shagon.

"Don kwana ɗaya tak?"

"Ba a tafiya da makullin mutane, sheri." Haka yake kirana da Faransanci, wato masoyiya.

Na kwance shi daga bakin zanena na ajiye kusa da sikeli. Baba bai ko kalle shi ba.

Innata, Tabawa, ita dariya ma ta yi da ta ji labari.

"Oh ni! Mutum da gidansa, da tukunyarsa, ya hau mota ya je kallon tsofaffin gine-gine? Wannan ai aikin Nasara ne. To a dai kawo mana tsaraba."

Da hantsi motar haya fijo ta ɗauke mu. An matse mu a baya tare da wata Bayarbiya da kwandon kifinta, amma ni ko a jikina. Tunda aka kai ni ɗakinsa ba mu taɓa fita mu biyu kaɗai ba, kullum taro, kullum kwamiti. Da muka hau gadar shiga gari na ga ruwa shimfiɗe da jiragen masunta, sai na damƙe hannunsa a ƙarƙashin mayafina.

"Kamarad, ashe ka iya soyayya?"

Ya yi murmushi, amma idonsa na kan agogo.

Tsohuwar fadar sarkin garin muka fara zuwa. Gini ne na jar ƙasa, tsakar gida cikin tsakar gida, wasu ƙofofin gajeru har sai mutum ya duƙa. Mai yi mana bayani yana ta zuba Faransanci, wai nan sarki ke zaman shari'a, nan matansa ke girki. Nouhou dogo ne, sai ga shi ya ƙwala goshi a wata ƙofa.

Na tuntsire da dariya.

"Ka gani ko? Kun ce an soke sarauta, ga shi sarkin da ya mutu ya sa ka rusuna!"

"Raïma, rage murya, don Allah..."

"Tsoro kake ji?"

"Bango ma yana kai rahoto a ƙasar nan."

Ya sake duba agogo. Na kama hannun na rufe fuskar agogon da tafina.

"Wa kake jira ne? Ni ce dai a gabanka."

"Ke ce," ya ce. "Wallahi ke ce."

Daga nan muka shiga gidan tarihi, inda aka jera dodannin katako masu manyan idanu, ina ta a'uziyya yana yi mini tsiya. Da rana ta yi sanyi muka zauna a babban lambun garin, ƙarƙashin wata bishiya da ko mutum biyar ba za su rungume ta ba. Wani biri marar kunya ya diro ya fizge ƙullin gyaɗata ya haye sama. Na yi ihu, na faɗa jikin Nouhou.

Bai sake ni ba.

"Hasken idona..."

"Na'am."

"In wata rana aka ce miki na yi wani abu, za ki tsaya ki ji ta bakina?"

"Me ka yi? Ka ba wa juyin juya hali tukwanena?"

Bai yi dariya ba. Ni kuwa sakarya, sai na ɗauka zafin so ne ya sa muryarsa rawa. Na kwantar da kai a kafaɗarsa ina jin babu macen da ta kai ni sa'a daga nan har Parakou.

Ranar Lahadi muka je babban masallacin garin, wanda jikokin bayin da suka dawo daga Brazil suka gina. Na tsaya baki buɗe. Ga launi kala-kala, ga ado, in ba don kiran sallah ba sai ka rantse coci ne. Nouhou ya shiga sallar azahar, na yi tawa a wajen mata, na fito na yi ta jira. Kowa ya watse, shi shiru. Da ya fito idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Zo mu shiga kasuwa," ya ce. "Zan yi wa Alhaji tsaraba."

Na tsaya cak.

"Wane Alhajin?"

"Babanki."

Jama'a, ku ji fa! Mutumin da aka yi ta dizgawa a bainar jama'a, yau shi ne da kansa zai ɗauki tsaraba ya kai. Na ji kamar in yi guɗa a tsakiyar titi.

Na ja shi wurin masu kayan masallaci, na ɗauko wani carbi mai ruwan zuma.

"Wannan! Baba zai so shi."

"A'a. Ban da carbi."

"Don me?"

"Ajiye dai, sheri."

Na ɗauko wata butar ƙarfe mai zane, ya girgiza kai, ya zaɓi ta roba, shuɗiya, irin wadda ake yasarwa a bayan gida. Ya sa aka warware masa tabarmi, ya ture manyan, ya ɗauki 'yar siririya ta mutum ɗaya. Ya ƙara da bargo mai kauri da sabulun wanki.

"Haba Nouhou! Baba da ke da dardumar Makka, me zai yi da wannan? Kuma bargo a zafin Kwatano?"

"Siminti yana da sanyi," ya ce. "Zai yi masa amfani."

Na yi dariya, na ce a raina ɗan boko bai iya tsaraba ba, amma ai zuciyar ake dubawa. Ni da kaina na naɗe kayan, na rungume su a cinyata tun daga tasha har gida. Duk hanya ina tsara yadda za a yi: zai tsuguna, zai miƙa, Baba kuma zai ce madalla.

Bayan la'asar muka sauka a Zongo. Tun daga bakin layi na ga mutane na kallona suna kawar da kai. Shagon Baba a rufe, an gicciya katako a ƙofar sito an buga ƙusa. A tsallake kuwa Mansir na zaune a kan benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Na ruga cikin gida.

Tsakar gidanmu cike da mata. Inna na zaune a ƙasa ba ɗankwali.

"Inna! Ina Baba?"

"'Yan sanda sun tafi da shi, Raïmatou... Jiya da azahar. Wai ya ɓoye shinkafa don ta yi tsada. Shinkafar da mutanen Malanville suka ba shi ajiya! Mansir ne ya shigo gabansu, shi ya nuna musu ƙofar baya."

"Innalillahi..."

"Suna ta tambaya, ina mai riƙe da makulli? Babanki ya ce ga shi a hannuna, ni ne."

Maƙwabciyarmu Lami, wadda aka taɓa tsare mijinta bara, ta riƙe ni ta zaunar.

"Kuka ba naki ba ne yanzu. Gobe da safe za su bari a kai masa kaya, ki buɗe kunne ki ji. Tabarma ƙarama, don wurin ba fili. Buta ta roba, ba sa karɓar ƙarfe. Bargo, saboda a kan siminti suke kwana. Sabulu. Kada ki kai carbi, ƙwacewa suke yi saboda igiyar."

Ta bi idona da kallo zuwa ƙullin da ke hannuna. Bakin shuɗiyar butar ya leƙo waje.

"Ikon Allah," in ji Lami. "Wa ya riga ya gaya miki?"

Na juya. Nouhou na tsaye a bakin zaure, kansa a ƙasa.

Ban yi magana a gaban mutane ba. Na wuce shi zuwa cikin zaure, ya biyo ni.

"Tun yaushe ka sani?"

"Raïma..."

"Tun yaushe!"

"Tun ranar Laraba. Ƙarar Mansir ta biyo ta kwamiti."

"Laraba! Ka ci tuwona, ka tsuguna gaban ubana, ka sa na ajiye masa makulli da hannuna!"

"Da ke za su kama! Ke kowa ya sani da makullin nan. Kin san abin da ake yi wa mace a wurin nan? Ba zan iya ba, wallahi ba zan iya ba!"

"To bakinka ciwo yake yi? Kalma ɗaya! Da masu shinkafa sun kwashe abinsu kafin Asabar!"

"Mu uku kaɗai muka san maganar. In aka tarar da sito wayam, an san ni ne. Ba kora kaɗai za su yi mini ba, Raïma, ɓatar da ni za su yi."

"Sai ka zaɓi tsoho mai ciwon ƙafa ya je a madadinka."

"Ke na zaɓa!"

"Ƙarya kake! Kanka ka zaɓa, ka ɗauke ni ka kai ni kallon birai. Lokacin da nake dariya ka buga goshi, kana duba agogo... lokacin ne ko? Lokacin suke jan ubana a titi?"

Ya durƙusa ya kama gefen zanena yana kuka. Ina son mutumin nan, Allah ya sani, ko a wannan lokacin sai da zuciyata ta motsa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na fizge zanena na koma wurin Inna.

Da safe na ɗauki ƙullin na tafi inda ake tsare da su. Mai gadi ya zazzage kayan, ya jujjuya, bai cire ko ɗaya ba.

"Madam ta san doka," in ji shi.

Aka fito da Baba. Kwana biyu kawai, amma ya zama wani ƙaramin tsoho, ba hula, rigarsa duk datti. Ya shafa tabarmar, ya ɗaga butar, ya rungume bargon a ƙirjinsa.

"Jiya sanyi ya hana ni runtsawa," ya ce. "Da ƙoƙon wani na yi alwala. Wa ya haɗa miki wannan? Innarki ba ta san kan abin nan ba."

Sai na ce masa:

"Nouhou ne... Tsarabarku ce."

Baba ya daɗe yana kallon butar. Sai na ga hawaye na bin gemunsa.

"Yaron da na wulaƙanta. Wanda na so ki aura shi ya kawo ni nan, wanda na ƙi shi ya tuna da ni." Ya share fuska. "Ki ce masa na amsa gaisuwarsa, duk na baya ma na amsa. Allah ya yi masa albarka. In na fito ya zo mu ci abinci kwano ɗaya."

"To, Baba."

"Kin yi dacen miji, Raïmatou. Ki riƙe shi."

"To, Baba..."

Ban gaya masa ba. Ta yaya zan ƙwace wa tsoho bargonsa a wurin nan?

Na tarar da Nouhou a ƙofar gidanmu na haya, bai je lakwal ba. Yana ganina ya miƙe.

"Sheri... yaya jikinsa?"

"Na zo da saƙo. Baba ya ce ya amsa gaisuwarka. Ya ce Allah ya yi maka albarka."

Ya dafe bango.

"Shekara biyu ina roƙon Allah in ji wannan kalma," na ce. "Yau na ji ta, kuma ɗaci take yi mini kamar maɗaci. Na isar maka, na sauke nauyi."

"Raïma, don girman Allah..."

"Shiga ka rubuto mini takardata. A nan zan jira, ba zan shiga ba."