Moradeke da Kwakwar da Ta Tsiro Ƙasa

A duk layinmu na masaƙa a garin Iseyin, babu yarinya mai taurin kai irin Moradeke. Deke muke ce mata. Gida ɗaya muke zaune, don haka na san ta tun tana rarrafe. Ko a lokacin, in an ajiye ta tana kallon gabas, sai ta juya yamma.

Amma fa tana da ƙoƙari, wannan kam ba mai ƙwace mata. Tana ajin ƙarshe a sakandare. Burinta ta zama injiniya, irin karatun da yayanta Gbenro yake yi a jami'a.

Makarantarsu tana da wata doka mai tsauri. Kafin babbar jarrabawa, sai an yi ta gwaji. Duk wanda ya faɗi lissafi a gwajin, ya kuma sake faɗi a dama ta biyu, ba a tura sunansa. Sai ya maimaita aji, ya zauna tare da ƙannensa.

Malamin lissafinsu, Malam Olaniyan, dattijo ne mai sanyin murya. Kullum maganarsa ɗaya ce.

"Kafin yatsa ya taɓa kalkuleta, ku zana abin da aka tambaye ku. Ku kimanta amsar a kanku. Sannan ku gwada na'urar. Ku danna sin 30. In ba ta ce rabi ba, kada ku yarda da ita."

Wata rana Deke ta ɗaga hannu.

"Malam, in har sai na yi lissafin da kaina, me ya sa aka ƙera ta?"

"Don ta taimake ki, ba don ta yi miki tunani ba."

"Ai ɓata lokaci ne, Malam. Kalkuleta ba ta ƙarya."

Malam Olaniyan ya dube ta ta saman tabarau.

"Haka kika gani?"

"Haka na gani."

"To, zauna."

Ta zauna tana murguɗa baki. Tun daga ranar, in sauran yara suna zane, ita sai ta harɗe hannu tana kallon taga.

Ana gobe gwaji, Gbenro ya zo hutu. Deke ta hango kalkuletarsa a jaka. Baƙa ce, mai maɓallai da yawa, tana ta ƙyalli. Ta dubi tata, wadda murfinta ya tsage aka ɗaure da roba. Nan take ta raina ta.

Da safe ta zare ta yayanta ba tare da ta tambaya ba. Mamarta tana tuƙa amala a tsakar gida, ta gan ta.

"Deke, wannan ba ta yayanki ba ce?"

Deke ta durƙusa ta gaishe ta, amma ba ta saki kalkuletar ba.

"Aro na yi, Mama."

"Ya sani?"

"Barci yake yi. Zan dawo da ita."

"Kin iya aiki da ita kuwa?"

"Haba Mama! Duk ba dannawa ba ne?"

Ta fice da sauri. Ko loma ɗaya ba ta tsaya ta ci ba.

A ɗakin jarrabawa, ta ajiye kalkuletar a gaban tebur yadda kowa zai gani. Tambayoyin kusurwa sun yi yawa a takardar. Deke ba ta zana komai ba. Ta danna, ta kwafe. Ta danna, ta kwafe. Ita ce ta fara gamawa, ta fita tana taku ɗai-ɗai.

Da sakamako ya fito, aka liƙa shi a allon sanarwa. Deke ta fara neman sunanta daga sama. Babu. Ta sauko tsakiya. Babu. Can ƙasa ta gan shi, cikin waɗanda suka faɗi.

Da wata yarinya ce, da kuka za ta yi. Deke kuwa ofishin malamai ta nufa kai tsaye.

"Malam, an yi kuskure a makina."

"Wa ya yi kuskuren?"

"Wanda ya duba takardar."

"Ni na duba."

"To, a sake dubawa."

Sauran malamai suka ɗago kai. Malam Olaniyan bai yi fushi ba. Ya zaro takardarta, ya ce ta biyo shi. Ya kai ta filin makaranta, gindin wata doguwar bishiyar kwakwa. Yara suka biyo su a baya, don sun san za a yi kallo.

"Karanta mana wannan tambayar," in ji shi.

Deke ta karanta da ƙarfi. Yaro ne ya tsaya mita ashirin daga gindin kwakwa. Ya ɗaga kai ya hango samanta a kusurwar digiri talatin. Ana son tsawon bishiyar.

"Madalla. Me kika rubuta?"

"Mita ɗari da ashirin da takwas."

"Akwai wata alama a gaban lambar. Karanta da ita."

Deke ta sake duba takardar. "Alamar debewa ce. Ƙasa da sifili."

"Wato kwakwarki ba sama ta yi ba, ƙasa ta nutsa. Wani ya ɗauko mana fartanya mu tono ta."

Dariya ta ɓarke. Wani yaro mai tsokana, Sunkanmi, har da faɗuwa ƙasa yana riƙe ciki. Alhali shi ma ya faɗi gwajin.

Deke ta cika ta yi fam. "Abin da kalkuleta ta ba ni ke nan! Ta jami'a ce, ta fi ta kowa a nan!"

"Kin taɓa ganin kwakwa mai wannan tsawo?"

"Ba ni na faɗa ba, ita ta faɗa."

"Amma sunanki ne a kan takardar, ba nata ba."

Duk da haka ba ta sunkuyar da kai ba. Ta karɓi takardarta, ta wuce gida tana huci.

A gida ta tarar da Gbenro yana taya babansu naɗe zare. Ta dire masa kalkuletar a cinya.

"Yaya, abin nan naka ya lalace. Ya kayar da ni!"

"Au, ke ce ɓarauniyar? Na yi ta nema."

Ya kunna, ya duba, sai ya kwashe da dariya. Ya nuna mata wani ɗan ƙaramin harafi a saman gilashin.

"Kin ga wannan R ɗin? Hanya biyu ake auna kusurwa. Mu a jami'a da wannan muke aiki. Ku kuma da digiri kuke yi, sai an ga D a nan. Ke kin yi mata magana da digiri, ita kuma tana ji da wani ma'auni."

"Me ya sa ba ta gaya mini ba?"

"Baki gare ta? Da kin danna sin 30, da kin gane tun kafin a raba takarda."

Maganar Malam ce sak, wadda ta yi ta rainawa. A nan ne jikinta ya yi sanyi. Na gan ta ta shiga bayan masaƙa ta yi kukanta a ɓoye, don ba ta yarda a ga hawayenta.

Mamarta ta same ta a can.

"Kin gama?"

"Mama, zan maimaita aji. Da su Bisola zan zauna, yaran da nake aika."

"An ce za a ba ku dama ta biyu, ko ba haka ba?"

"Eh. Sau ɗaya kawai."

"To, taurin kan nan naki, Allah ne ya ba ki. Kin gwada shi a kan malaminki, kin ga inda ya kai ki. Yanzu ki gwada shi a kan littafi."

Washegari Deke ta je ta durƙusa a gaban Malam Olaniyan. Ba ta iya dogon ban haƙuri ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, na yi kuskure. A koya mini zanen." Shi kuma bai ja maganar ba, ya miƙo mata fensir.

Zaman makaranta ya yi mata ɗaci a kwanakin nan. Duk inda ta wuce, sai Sunkanmi ya ɗaga murya.

"Injiniya! Yaushe za a fara haƙar kwakwa? A ajiye mini guda biyu!"

"Za ka gani," in ji ta.

Da yamma takan zauna a dandamalin gida da littafi. Ta zana, ta kimanta, sannan ta danna. In amsar ta zo da ban mamaki, sai ta harari kalkuletar ta ce, "Ƙarya kike yi, sake faɗa." Mu dai muna ta dariya.

Saboda abin da ya faru, shugaban makaranta ya hana zuwa da kalkuleta daga gida. Ranar jarrabawa ta biyu, aka kawo na makaranta a kwali, aka raba wa kowa. Mai tsaron ɗakin ita ce Malama Ajibade, wadda ko tari ba ta son ji.

"Duk wanda ya buɗe baki, zan karɓe takardarsa," in ji ta. "Kun san abin da hakan yake nufi."

Deke ta kunna tata. Ta danna sin 30. Ba rabi ta gani ba. Wata doguwar lamba ce ta fito, da alamar debewa a gaba. Ta duba saman gilashin, sai ga R. Amma yanzu ta san maganin abin. Ta mayar da ita digiri, ta sake gwadawa, rabi ya fito.

Ta fara aiki. Can sai ta ji Sunkanmi a bayanta yana tsaki, yana bubbuga tasa a tafin hannu. Wata yarinya a gefe ta dafe kai. Deke ta tuna cewa daga kwali ɗaya aka ɗebo su duka.

Za ta iya yin shiru ta ci jarrabawarta. Sunkanmi ma ai ya cancanci a bar shi ya sha kaye. Ta rubuta layi ɗaya, ta kasa ci gaba. Ta ɗaga hannu.

"Sauke hannunki," in ji Malama Ajibade.

Ba ta sauke ba.

"Na ce ki sauke!"

Deke ta miƙe tsaye.

"Malama, kalkuletocin nan ba a kan digiri suke ba. A duba."

"Ke ce za ki koya wa makaranta aikinta? Ke mai kwakwa?"

"Ni ce, Malama. Shi ya sa na sani."

Malama Ajibade ta fizge takardarta. "Fita!"

"Zan fita. Amma a danna sin 30 tukuna."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi gaba ta ƙi baya. A ranta ta riga ta ga kanta a aji ɗaya da su Bisola. Hayaniyar ce ta jawo Malam Olaniyan. Ya saurari kowa, sannan ya ɗauki kalkuletar Sunkanmi ya danna. Ya ɗauki ta gaba, ya danna. Ya bi layi ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabinsu a karkace suke. Ashe wasu ɗalibai ne suka yi wani darasi da su, aka mayar kwali ba a gyara ba.

Ya juyo ya dubi ajin. "Ku nawa kuka gwada taku kafin ku fara?"

Ba wanda ya motsa. Sunkanmi ya noƙe kai kamar kunkuru.

Malama Ajibade ta daɗe tana kallon takardar da ke hannunta. Sannan ta miƙa wa Deke.

"Koma ki zauna. Amma nan gaba, ki iya bakinki."

"To, Malama."

Aka gyara na kowa, aka sake farawa daga farko.

Da sakamako ya fito, Deke ta ci, kuma da maki mai kyau. Sunkanmi ma ya tsallake da ƙyar. Ya same ta a bakin allo yana sosa ƙeya.

"Deke, na gode fa."

"Ban ji ba."

"Na ce na gode!"

"Yauwa. Gobe ka zo da fensir, in koya maka zane."

Aka tura sunanta tare da na 'yan ajinsu. Da ta dawo gida, mamarta ta zuba mata amala da miyar ewedu, wato lalo, har da ƙarin nama. Deke tana ci tana ba mu labari, hannu yana yawo a sama.

Babanta ya tsayar da saƙa ya ce, "To, me kika koya?"

Ta haɗiye lomar da ke bakinta.

"Kalkuleta mataimakiya ce, Baba. Ni ce mai tunanin. Ba zan ƙara rubuta amsar da hankalina bai ɗauka ba. Kuma ba zan ƙara yin gardama a kan abin da ban bincika ba."

"In kuma kin bincika fa?"

"Ai sai dai a fitar da ni da ƙarfi."

Yara, ku riƙe wannan. Ku saurari malamanku, ku gwada kayan aikinku, ku yi tunani kafin ku rubuta. Idan kuma kun tabbatar da gaskiya, ku tsaya a kanta ko da ku kaɗai ne a tsaye.