Wadda Ta Biyo Dillali Gida

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Dillali ya turo babur ɗinsa cikin gida. Ya jingine shi a bango, ya zauna a kan tabarma yana cire takalmi. 'Yarsa tana kwashe shanya, yayarsa kuwa, wadda kowa ke kira Goggo, tana alwala a bakin famfo. Babu mai magana. Tun rasuwar matarsa haka gidan yake, mutum uku a ciki, kowa da nasa shirun.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Goggo ta ɗaga kai ta yi tsaki, ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Dillali ya leƙa waje, layin fayau, ko akuya babu. Da ya dawo ya tsinci ɗaya daga cikin duwatsun, sai ya ga guntun bulo ne, gefe ɗaya da shuɗin fenti. Ya san fentin nan. Ya jefa dutsen a aljihu.

Shekara da shekaru sana'arsa hayar gidajen zama ce. Ɗaki da falo, ango mai neman inda zai ajiye amarya, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Ya haddace tambayoyinsu: akwai ruwa, yaya maƙwabta, rufin yana yoyo? Cikin gidajen da ke hannunsa akwai wani tsohon gida a bakin titi, magadansa sun watse a duniya sun bar masa mabuɗi. Ƙarar motoci ta hana kowa sha'awar zama a ciki, ya daɗe a rufe, shi kaɗai ke zuwa ya buɗe tagogi iska ta shiga.

Kwatsam wani mai kamfanin wanki da guga ya ce yana so. Wannan ce hayar kasuwanci ta farko da ta taɓa shigowa hannun Dillali, kuma tambayoyin mutumin ba irin waɗanda ya saba ba ne. Wutar gidan za ta ɗauki manyan injuna? Ina ruwan wanki zai bi? An yarda a rushe bangon tsakiya, kuma wa zai mayar da shi in wa'adi ya cika? Ya yi ta zarya tsakanin lauya da wayar magada har aka sa hannu. Ranar ya dawo gida da fara'a, ya rasa wanda zai ba labari yadda yake so, ya ci abincinsa ya kwanta. A makon ne aka rushe bangon mai shuɗin fenti.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da faɗuwar rana yake farawa, ya ɗauke da an idar da sallar isha'i. Daga baya murya ta ƙaru, siririya, ta tsohuwa, tana fitowa daga bakin ƙofar ɗakin marigayiya, wanda Dillali ya kulle tun bayan zaman makoki. Ba a gane abin da take cewa, amma an san kira take yi.

"Ƙanena," in ji Goggo, "me ka kwaso mana a yawon gidajen nan naka?"

"Ban sani ba, Yaya."

Yarinyar ta daina cin abinci, ta daina zuwa makarantar koyon jinya da take yi. Wata yamma suka same ta zaune a ƙasa, ta jingina da ƙofar da ke kulle, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi. Ya durƙusa gabanta.

"Mamana, tashi mu shiga ciki."

Ta ɗago ido ta dube shi, kallon ba nata ba ne. "Kwana biyu ka daina zuwa," ta ce, da muryar da suka saba ji a bakin ƙofar.

Washegari Goggo ta je ta zo da Malam, wani dattijo mai ƙaramin jiki da ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Goggo ta riƙe kafaɗun yarinyar. Ya fara karatu a hankali. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka yi tsit. Can jikin yarinyar ya sandare, ta saki wani dogon nishi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Tsohuwa ce. A gidan bakin titi nake tun kafin a yi titin."

"Me ya kawo ki jikin baiwar Allah da ba ta yi miki komai ba?"

"An rushe mini ɗaki. Ruwan zafi safe da yamma, babu mai bismilla, ƙarar ƙarfe ko'ina. 'Yan'uwana sun daɗe da tashi, sun koma bakin ruwa can nesa. Ni na zauna saboda na saba da mutane. Na ga haihuwarsu, na ga aurensu, suka tafi suka bar ni da ƙura." Ta juya kan yarinyar wajen Dillali. "Sai wannan. Shi kaɗai ke shiga kangon da sallama. Ina amsa masa, ba ya ji. Ya buɗe tagogi, ya zauna a dandamali ya yi ta magana."

Dillali ya sunkuyar da kai.

"Ya ba ni labarin matarsa. Yadda take dariya har ta riƙe ciki, yadda ya fita sayen magani ya dawo ya tarar an rufe mata fuska. Ya yi kuka ya share, ya kulle gida ya tafi. Na ɗauka ni yake gaya wa. Kuma shi ne ya kawo masu guduma."

Goggo ta dubi ƙanenta, hawaye ya zubo mata, ba ta saki kafaɗun ba.

"An cuce ki ba da sani ba," in ji Malam. "Ke kuma kina cutar da yarinya da saninki. Fita za ki yi."

"Zan fita. A bar mini ɗakin nan na kulle. Babu kowa a ciki, ba zan taɓa komai ba. Ya riƙa zuwa bakin ƙofa yana magana, shi ke nan."

Dillali ya buɗe baki, kuma Allah ne kaɗai ya san abin da ya so faɗa, domin tausayinta ya kama shi. Malam ya ɗaga masa hannu.

"Dubi 'yarka tukuna."

Ya duba. Wuyanta ya rame, leɓɓanta sun bushe sun tsage.

"A'a," ya ce, da ƙyar. "Ki yafe mini, Iya. Ba zai yiwu ba."

Da muryar ta dawo ta ƙara siririncewa.

"To a kashe injunan nan yamma ɗaya, in shiga in kwashe abin da ya rage mini. Ka zo ka buɗe mini taga da hannunka. Daga nan in bi 'yan'uwana."

"Wannan za a yi miki," in ji Malam, "in kin yi alkawari ba za ki dawo ba."

Ta yi alkawari da girman Wanda ya halicce ta. Malam ya ci gaba da karatu, yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, babban yatsan ƙafarta ya girgiza, jikinta ya saki a hannun Goggo.

Roƙon mai kamfanin bai zo da sauƙi ba. Ya dubi Dillali sama da ƙasa, ya ce babu wannan a yarjejeniya, kuma bai ɗauka da irin wannan mutumin yake hulɗa ba. Dillali ya haɗiye kunyar ya ci gaba da roƙo har mutumin ya gaji ya yarda. Da yamma ma'aikata suka watse. Ya shiga shi kaɗai, ya ratsa tsakanin injunan da suka yi sanyi da fararen riguna a rataye, ya buɗe tagar baya. Ya tsaya har duhu ya fara shiga. Bai ga komai ba, bai ji komai ba. Ya ce, "Allah ya kai ki lafiya," ya rufe.

A gida ya tarar da 'yarsa zaune a tabarma, an lulluɓa mata zane, tana kurɓar ruwan ɗumi. Ya zauna nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

"Baba," ta ce, "duk abin da ta faɗa ina ji. Ban san kai ma kana kuka ba. Ni a banɗaki nake yin nawa, don kar in tayar maka da hankali."

Goggo ta tashi ta shige kicin, ta ja ƙofa.

"Ranar da kuka fara haɗuwa da Mama," in ji yarinyar, "ita ma ka ba tsohuwar labarinta?"

"A'a. Wannan ban gaya wa kowa ba."

Ta matsa ta ba shi wuri a tabarmar. Ya taso ya zauna kusa da ita, ya gyara murya.

"Gida suka zo nema ita da babanta," ya ce. "Na nuna musu wani mai yoyo, ta ɗaga kai ta ga rufin, ta ce mini maƙaryaci."