Rabin Zanen Bi Mtumwa

Bi Tatu mai wankan gawa ce ta fara ba ni wannan labari, muna zaune a tsakar gidana muna tsinke kanumfari. (A wurinmu, "Bi" laƙabin girmama mace ne.) Ita ta wanke Bi Mtumwa da hannunta, don haka ba jita-jita ba ce. Ku 'yan mata, ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Bi Mtumwa ta rasu a garin Chake Chake ta bar 'ya'ya mata biyu: Biubwa babba, mai zuciya kamar garwashi, da Mwanaidi, wadda aka riga aka sa ranar aurenta da Makame, malamin makaranta ɗan garin Wete. Ranar wanka aka buɗe akwati a ɗauko kisutu, zanen da amarya ke ɗaurawa, wanda kuma ake lulluɓe gawarta da shi ranar tafiya kabari. Kowa ya san falle biyu ake sayensa. To, ɗaya aka samu, tsoho, an naɗe shi da kanumfari. Ana cikin neman ɗayan sai ga wata dattijuwa ta shigo fuska a rufe, ta zaro ɗan'uwansa daga hammata, ta shimfiɗa a ƙafafun gawar, ta fice ba sallama.

Bayan jana'iza Biubwa ta adana fallayen biyu, ba ta manta ba. Ana watsewa daga sadakar arba'in ta tsare Inna Mashavu, yayar mahaifiyarsu, a bakin murhu.

"Inna, wace ce matar nan? Me zanen auren Mama yake yi a hannunta?"

"Ke dai ki bar matattu su huta."

"Wallahi ba zan ci ba, ba zan sha ba sai kin faɗa!"

Tsohuwa ta share ido da bakin zani. Ta ce kafin Mtumwa ta auri babansu, an taɓa sa mata rana da wani Kombo a Wete. Tana da aminiya, Mgeni, wadda ta ba ajiyar falle ɗaya na kisutu har ranar biki. Lokacin girbin kanumfari ne, gari cike da baƙin masu tsinka. Saura kwana uku, Mgeni ta kai fallen nan gaban uwar ango, ta rantse a bukkar wani baƙo ta tsince shi. Aka ɗauko na hannun amarya aka gwada, yankan ya haɗu tsaf. Shi ke nan. Aka fasa aure, mata suka yi mata waƙa a bakin rijiya, ta bar gari a bayan motar kwakwa. Wata shida bayan nan Mgeni ta auri Kombo.

Mwanaidi da ke tsaye bakin ƙofa ta saki faranti. Kombo sunan marigayi baban Makame ne. Bi Mgeni kuwa uwarsa.

"Kin ji ko?" in ji Biubwa. "Surukarki kenan! Matar da za ki durƙusa ki kai wa shayi!"

"Yaya, shi me ya sani? Ba a ma haife shi ba—"

"Ɗan maciji ai maciji ne. Ba za a fasa yanzu ba, a'a. Sai saura kwana uku, sun yanka sa, sun dafa shinkafar pilau, baƙin tsibirin Unguja sun sauka daga jirgi. Sannan zan aika musu da fallen nan in ce mun fasa. Su ma su ɗanɗana!"

Mwanaidi ta yi kuka har muryarta ta dushe. Biubwa ta ƙwace wayarta ta yi bulokin lambar Makame. Amma Mwanaidi ba ta iya cin amana ba. Ta aika masa da wasiƙa ta hannun Inna Mashavu, ta gaya masa komai.

Bai yi zagi ba, bai kare uwarsa ba. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya hau babur ya zo, ya tsaya ƙarƙashin bishiyar mangwaron ƙofar gida ya yi sallama. Biubwa ta leƙo.

"Malam, an tashi makarantar munafukai ne?"

"Yaya, gaisuwa na kawo."

"Kai wa uwarka. Ta iya kai kaya gidan mutane."

Rannan har ruwan wankin kifi ta watsa masa. Ya goge fuskarsa ya ce Allah ya huci zuciyarta. Wata biyar yana haka, Biubwa ta hana auren, ranar biki ta zo ta wuce, Mwanaidi ta rame kamar sillen kara.

A Juma'a ta ƙarshe bai zo shi kaɗai ba. Bi Mgeni ta sauko daga babur tana dogara sanda, fuska a buɗe. Biubwa ta tare ƙofa.

"Gawa kika zo rufewa kuma? Babu wadda ta mutu yau."

"'Yata, ni ce gawar. Shekara talatin da huɗu fallen nan yana cikin akwatina, ban yi barcin kirki ba. Da Makame ya ce 'yar Mtumwa yake so, na zo na same ta tana jinya. Ta san ko ɗan wa ne, amma ta ba shi. Ta ce min, 'Yaron ba shi da laifi. Ke kuwa, a Wete kika faɗa, a Wete za ki janye.' Na kasa, har ta tafi."

Biubwa ta ce, "To ai Wete na nan, ba ta tashi ba. Ki faɗa gaban matan da suka yi mata waƙa. In ba haka ba, ko ƙurar ƙanwata ɗanki ba zai gani ba."

Haka kuwa aka yi. Ranar kasuwa, a bakin tsohuwar rijiyar nan, Biubwa ta miƙa wa Bi Mgeni fallen, ta tsaya da shi a hannu ta ce, "Ni na yi ƙarya. Mtumwa ba ta taɓa taka bukkar kowa ba." Wata tsohuwa ta tofa mata yawu. Wasu biyu da suka taɓa yin waƙar suka rufe fuska suna kuka. Biubwa ta tsaya tana kallo har aka gama, ba ta ƙifta ido ba. Sannan ta juya ga Makame ta ce, "Malam, je ka sayi sa."

Ranar biki, ita da kanta ta ɗinke fallayen biyu ta ɗaura wa Mwanaidi. Har yau ba ta cin abincin Bi Mgeni, amma tana amsa gaisuwarta.

Kun ji dai. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma kada a kama ɗa da laifin uwarsa. Amma wanda ya ɓata sunan wani a bainar jama'a, kada ya zo neman gafara a bayan ɗaki.

Da Bi Tatu ta gama, na kasa ci gaba da tsinka. Washegari da sassafe na buɗe akwatina, na ɗauko wani falle da ba nawa ba, na hau motar garin Mkoani. Na ji an ce mai shi tana can, tana raye.